Gyaran Ƙarfen Huda Mai Araha: Jawabin Akawun Ƙungiya a Taron Walewale



Shugaban ƙungiya, Sarkin Zango da wakilansa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Salaga, Yendi da Bawku, sannunku da hanya. Allah ya saka da alheri.

An ba ni minti ashirin. Shugaba ya riga ya yi maganar boda da kwastan, ma'aji kuma ya karanta lissafi. Ni abin da na kawo ƙarami ne, ga shi a hannuna, bai kai tsawon biro ba. Ƙarfen huda ne na dukawa, mai haƙora, wanda yara ke ce wa cokali saboda kamarsa da cokali mai yatsu. Na ga wasu suna dariya. Ku yi haƙuri ku saurare ni, don wannan ɗan ƙarfe ya kusa raba mutum uku da ke zaune a cikin wannan ɗaki.

Ni ba baduku ba ne, akawu ne. Amma littafin ƙorafi a teburina yake. Da daminar da ta wuce, wata Hajiya daga reshen Bawku ta kai jakunkunan fata 60 wani shago a Wagadugu. Bayan wata biyu mai shagon ya mayar mata da 22. Fatar lafiya lau, rinin bai zuba ba, ɗinkin ne ya ɓalle a wajen hannun jaka. Ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta canja sidi zuwa sefa, ta sake canja sefa zuwa sidi, kowanne da asararsa, sannan mai shagon ya ce kada ta ƙara kawo masa. Hajiya ta kawo ƙarar badukun da ya ɗinka, yaronmu ne na nan Walewale. Yaro ya rantse ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya ce ƙarfen da aka sayar masa ne ba shi da kirki. Wanda ya sayar masa kuwa ɗan ƙungiya ne, daga Kumasi yake ɗauko su. Mutum uku, kowa da katin ƙungiya, kowa yana ganin an cuce shi. Ba zan faɗi suna ba, sun yafe wa juna.

Da aka rasa mai gaskiya, sai na ɗauki jaka ɗaya da ƙarfen na tafi Yendi wajen kawuna. Tsohon baduku ne, ya yi shekaru yana ɗinka kube da gafaka da kayan doki, kuma har yau da basilla yake huda, rami ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi ƙarfen, ya ɗaga shi a hasken rana, ya bi gefen haƙoran da farce. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, saurara." Na ji farcen yana ƙara kamar ana jan sa a kan magagari. Ya ce, "Maƙerin bai gama aikinsa ba aka ɗauke. Ai ko basillata, da haka take da ba ta shiga fata ba." Ya ciro tasa ya nuna mini, tana ƙyalli kamar madubi.

To ga abin da yake faruwa. Waɗannan masu araha, waɗanda yawanci daga Sin suke zuwa, inji ne yake yanka haƙoransu, a fesa musu baƙin fenti ko a bar su haka nan, a zuba a kwali. Sawun injin yana nan a gefen kowane haƙori. Shiga fata ba wuya, tunda guduma ce ke tura shi. Fitowar ce matsala. Kaushin nan yana kama zaren fata, ƙarfe ya maƙale, yaro ya shiga girgiza shi hagu da dama don ya fito. Kowace girgiza tana buɗa ramin, tana cin 'yar fatar da ke tsakanin rami da rami. Ita kuwa wannan 'yar fata ita ce ke riƙe da zare. In ta yi rauni tun a ranar ɗinki, ba a gani. Sai mace ta zuba kaya a jaka ta rataya, sannan ta yage.

Ku yi lissafi da ni. Ƙarfen da tazarar haƙoransa milimita 4 ce yana ba da rami 25 a kowace santimita 10. Walat mai ɗinkin santimita 40, rami 100 ke nan. Mai haƙora 6, tunda haƙorin farko a ramin ƙarshe ake sa shi don layi ya miƙe, rami 5 sabo yake bayarwa a kowane bugu. Bugu 20 ke nan a walat ɗaya. Walat 50, bugu 1,000. In kowane bugu sai an yi kokawa kafin a zare, ku duba lokacin da ya tafi da ramukan da suka lalace.

Na ce wa kawu, to sai a sayi na kirki. Akwai na Japan da na Faransa, a goge suke zuwa. Amma kowa a nan ya san yadda sidi ya faɗi a 2022, har tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba na shekarar. Yaron da ke neman kuɗin fata ba zai sayi ƙarfen Japan ba. An ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma in ita ce a hannunka, sai ka yi mata wanka. Mun zauna da kawu da yaron nan mun gwada, ga kuma abin da muka samu, daki-daki.

Na farko, tun wajen saye. Wannan naku ne, masu ɗauko kaya daga Kumasi da Tamale da Sinkase. Kada ku karɓi kwali a rufe. Tsayar da ƙarfen a kan gilashi ko fuskar waya, ka duba ko duk haƙoran sun taɓa. In ɗaya ya fi saura gajarta, ramin da zai huda ba zai fita ta baya ba. Duba shi ta gefe, ka ga ko haƙoran suna kan layi ɗaya. Sannan danna mai haƙora 6 a kan kwali, ka ɗauki mai 2 na cikin saitin ka sa a sawun. In bai faɗa daidai ba, tazararsu ta bambanta, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ka riƙe ɗan magagari a aljihu, ka ja shi a gindin haƙori ɗaya. In ya zame bai ci ba, ƙarfen yana da tauri. In ya ci shi kamar ƙusa, ƙarfen laushi ne, zai lanƙwashe a fatar saniya. Ajiye shi.

Na biyu, gogewa. Je wajen masu sayar da fentin mota ka sayi sanfefa baƙa, irin wadda ake jiƙawa da ruwa. Lamba tana rubuce a bayanta. Ka nemi 400, 800, da 1200 ko 2000. Yadda lamba ke hawa, haka laushinta ke ƙaruwa. Shafa wa haƙoran maka, don ka riƙa ganin inda sanfefa ta taɓa da inda ba ta taɓa ba. Matse ƙarfen tsakanin katako biyu, haƙora suna kallon sama. Yanka sanfefa siri-siri, ka naɗa ta a tsohon katin waya ko tsohon bakin zarton ƙarfe da aka share haƙoransa, ka shigar tsakanin haƙora. Ka lura, haƙoran ba a miƙe aka yanka su ba, a jirge suke, shi ya sa ramin ke fitowa kamar ƙwayar shinkafa da aka kwantar a karkace, ɗinki ya yi kyau. Ka bi wannan jirgewar, kada ka mayar da haƙori zagaye. Ka riƙa gogawa daga gindi zuwa baki, yadda ƙarfen ke shiga da fita a fata. Kuma ka ƙirga. In ka ja sau 20 a wannan fuska, ka ja 20 a kowace fuska ta kowane haƙori, in ba haka ba wani zai fi wani siranta, ramuka su bambanta. Fara da 400 har sawun inji ya ɓace, sannan 800, sannan ta ƙarshe. Kada ka tsallake ta tsakiya.

Na uku, baki. Shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi, ka kwantar da bakin haƙoran yadda aka sassaƙa shi tun asali, ka ja shi baya a hankali, sau biyar ko shida kowane gefe. Kaifi kake nema, ba rage tsawo ba.

Na huɗu, ƙyalli. Samo man goge ƙarfe, irin Autosol da masu babur ke amfani da shi. Shafa shi a igiyar auduga mai kauri, ka ɗaure bakinta a ƙusa, ka riƙa jan tsakanin haƙoran a kanta. Fuskokin waje kuma a kan guntun fata da aka manna a katako aka shafa wa man. Igiyar za ta yi baƙi, alamar tana aiki ke nan. In ka gama, bi da farce kamar yadda kawu ya yi. In ba ka ji ƙara ba, ka isa. Mai haƙora 6 ya ɗauke mu kusan awa ɗaya. Sau ɗaya ake yin wannan. Daga baya sai dai a riƙa ja a kan fatar nan kafin a fara aiki.

Abu ɗaya nake roƙonku da girman Allah: kada ku kai shi wajen mai injin wasa. Na san sauri gare shi. Amma haƙorin siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Da zarar bakin ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi. Mun ɓata guda biyu da haka kafin mu gane.

Na biyar, yadda ake aiki da shi, don gyara ba ya daɗewa a hannun mai ganganci. A buga da gudumar katako ko ta roba. Gudumar ƙarfe tana baje kansa. A sa allon roba irin na yanka nama a ƙasa, ko fata mai kauri a kan kututture. Wanda ya huda a kan siminti ya gama da ƙarfensa a bugu ɗaya. A ajiye kakin zuma a gefe, a riƙa soka haƙoran a ciki bayan bugu uku ko huɗu. Wajen zarewa, a danne fatar da ɗan katako dab da haƙoran, a ja sama a miƙe, babu girgiza. In fata ta yi kauri, kamar inda hannun jaka ya haɗu da jiki, kada a tilasta shi. A buga ya yi sawu, a ƙarasa da basilla. A bar tazara tsakanin layin ɗinki da bakin fata kamar tazarar haƙoran. In an tashi aiki, a goge shi da ɗan mai a naɗe a tsumma, musamman da damina, don tsatsa tana mayar da kaushin da ka sha wuya ka cire.

Zan faɗa muku iyakar abin. Gogewa ba ta mayar da ƙarfen laushi mai tauri, ba ta gyara tazarar da ta karkace. Haƙorin tsakiya in ya karye, shi ke nan. Na gefe ne in ya karye ake share wurin, mai 6 ya koma mai 5, a ci gaba da aiki. Kuma mai araha, ko an gyara shi, ba zai yi shekarun na Japan ba. Amma zai huda rami mai tsabta, abin da mai saye ke gani ke nan. Ga fata biyu na kawo, ɗaya an huda kafin gyara, ɗaya bayan gyara, da ƙarfe guda. Ku miƙa wa juna, gani ya kori ji.

'Yan'uwa, kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina, suka bi ta Yendi har Salaga, da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, su koma da goro. Tafiyar watanni ce, ba waya, ba rasit. Abin da ya sa mai saye a Gwanja yake jiran ayarin baɗi shi ne takalmin bara bai ɓalle ba. Yau abubuwa da yawa ba a hannunmu suke ba. An rufe boda a Maris ɗin 2020, ba a buɗe ta ƙasa ba sai Maris ɗin 2022, muna zaune muna kallo. Burkina Faso da Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ba wanda ya nemi shawararmu. Farashin sefa ba mu muke yanka shi ba. Amma ɗinkin da ke jikin jakar da za ta tsallaka Paga ko Kulungugu, wannan a hannunmu yake.

Saboda haka ina roƙon shugabanni abu uku. A fitar da ɗan kuɗi daga asusu a sayi sanfefa da man goge ƙarfe a ajiye a ofishin kowane reshe, ɗan ƙungiya ya zo ya yanka abin da yake buƙata. A sa rana ɗaya a Walewale, ɗaya a Yendi, ɗaya a Salaga, ɗaya a Bawku, dattawan dukawa su zauna da yara, kowa ya zo da ƙarfensa. Kawuna ya ce zai zo in an biya masa mota. Sannan iyayenmu masu kai kaya, kafin ku ɗaure, ku kama hannun jaka ɗaya cikin goma ku ja da ƙarfi. In zai ɓalle, gara ya ɓalle a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaron da na ba ku labarinsa ya sake ɗinka jakunkunan nan 22 bai karɓi ko pesewa ba. Mai kawo ƙarfen ya biya kuɗin zare, yanzu kuma da magagari a aljihunsa yake zuwa Kumasi. Hajiya ta samu wani shagon, amma na farkon har yau bai kira ta ba. Ku riƙe wannan.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu, ya kiyaye mu a kan hanya, ya mayar da kowa gida lafiya. Wanda ya zo da ƙarfensa, ya same ni a bayan ɗaki bayan sallar La'asar, na zo da sanfefa.