Laccar Akawun Jam'iyya: Hayar Tsofaffi da Nakasassu a Birnin Niyok



Maganar da muka kawo muku yau ta ƙasar Amurka ce, amma kada wani ya ce ina ruwansa. A cikinku akwai mai wa, akwai mai kawu, akwai wadda mijinta yake birnin Niyok shekara da shekaru, a unguwar Bronx ko Harlem, inda Hausawan Nijeriya da na Nijar da na zangunan Gana suka yi kaka-gida. Da yawansu sun tsufa a bakin aiki, kuma duk kwabon da aka ƙara musu na haya, daga cikin abin da suke aiko muku ake zaftare shi.

A Niyok akwai gidajen haya wajen miliyan ɗaya waɗanda doka ta hana mai gida ya ƙara musu kuɗi yadda ya ga dama. Galibinsu benaye ne da aka gina kafin 1974, masu sassa shida ko fiye. Akwai wata hukuma mai mutum tara, magajin gari ne ke naɗa su, tana zama a watan Yuni ta yanka ƙarin shekara. A 2025 ta yanka kashi 3 cikin ɗari ga mai yarjejeniyar shekara ɗaya, kashi 4 da rabi ga mai shekara biyu. Ga mai albashi wannan ba wani abu ba ne. Amma ku ɗauki misalin tsohon da ke biyan dala 1,000 a wata: ƙarin dala 30 ke nan kowane wata, dala 360 a shekara, sa'an nan ƙarin da zai biyo baya a kan sabon kuɗin za a ɗora shi. Shi kuwa ya daina tuƙin tasi, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni.

To, domin irin wannan mutum aka kafa wani tsari tun 1970, ana kiransa SCRIE. A 2005 aka ƙara na nakasassu, shi kuma DRIE. Ku riƙe haruffan nan, don su za a faɗa a ofis. Wanda aka karɓa a ciki, sai a daskare masa haya. Ƙarin da hukuma ta yanka ba ya biya. Shi ma mai gida ba ya hasarar kome, domin birni yana rage masa harajin gidansa daidai da kuɗin ƙarin. Saboda haka ba alfarmar mai gida ake nema ba, ba a kuwa bukatar yardarsa. Mun tsaya a kan wannan ne domin mun san halinmu: talaka ya saba jin tsoron mai gida kamar yadda kakanninmu suka ji tsoron dogari, har ya gwammace ya yi kwanan yunwa da a ce ya kai takarda ofis.

Wa ya cancanta? Tsoho ko tsohuwa mai shekara 62 ko fiye. Nakasasshe kuwa daga shekara 18, muddin yana karɓar kuɗin nakasa na gwamnatin tarayya, ko fanshon nakasa na tsoffin sojoji, ko yana cikin tsarin maganin Medicaid saboda nakasarsa. Lalle ne kuma hayar ta cinye fiye da sulusin abin da ke shigo wa gidan a wata. Wanda ke samun dala 1,500 yana biyan 1,000, kun ga ya wuce sulusi nesa ba kusa ba. Akwai kuma iyakar samu ta shekara, wadda aka ɗaga a 2014 daga dala 29,000 zuwa 50,000. Kada kowa ya yanke wa kansa hukunci da jita-jitar majalisa. Ya kai takardunsa a yi masa lissafi.

Ga inda mutanenmu suke tuntuɓe. Na farko, sai wanda sunansa ke kan takardar haya. Mu kuwa mun saba a ce aboki ya koma gida ya bar maka ɗaki, kana biya da sunansa shekara goma. A wurin doka kai baƙo ne. Sa'an nan samun da ake ƙidaya na dukan mutanen gidan ne, har da albashin ɗan da ke kwana a falo. Waɗanda suke gidajen hukumar birni, da masu takardar tallafin haya ta tarayya, ba su cikin wannan tsari, don su hayarsu tun farko a kan samunsu ake yanka ta.

Babban abin da muke so ku ɗauka shi ne, ba a ba kowa sai ya nema, kuma hayar da kake kai lokacin da ka nema ita ake dubawa wajen daskarewa. Wanda ya cika 62 ya yi ta jinkiri har shekara biyar, ƙarin shekarun nan biyar ya hau kansa ke nan, ba a mayar masa. Bayan an karɓe ka ma sai ka sabunta duk sa'ad da yarjejeniyar haya ta ƙare, in ba haka ba sauƙin ya kuɓuce.

Wataƙila kun ji cewa Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin Niyok a Nuwamba 2025 da alkawarin daskare hayar gidajen nan gaba ɗaya. Madalla. Mu ma 'yan siyasa ne, shi ya sa muke gaya muku kada tsoho ya zauna jiran alkawari. An taɓa daskarewa a 2015 da 2016 da 2020 ga masu shekara ɗaya, daga baya ƙari ya dawo. Wannan da muke faɗa muku yana cikin doka fiye da shekara hamsin, magadan gari nawa suka zo suka wuce yana nan. A nan gida kuwa, inda ake ce wa gwauruwa mai tuyar ƙosai ta kawo kuɗin shekara a dunƙule ko ta kwashe tabarmarta, za mu ci gaba da tambayar masu mulki me ya hana su yin kwatankwacinsa.

Yanzu ga aikinku. Yau da dare in kun yi waya da naku, ku ce ya buga lamba 311 a can Niyok ya tambayi SCRIE ko DRIE, ko ya nemi Ma'aikatar Kuɗi ta birni, ita ke riƙe da tsarin. Takardar nema kyauta ce, duk wanda ya ce a ba shi na goro ɗan damfara ne. Ya tanadi shaidar shekarunsa, da takardar haya ta yanzu da wadda ta gabace ta, da shaidar samun kowa na gidan na bara. In bai tabbata gidansa na ƙarƙashin dokar ba, ya nemi tarihin hayar ɗakin daga hukumar gidaje ta jiha. Wanda ba ya karanta Ingilishi ya tafi da ɗa ko jika. Wanda kuma ke son a rubuta masa haruffan nan da lambar a takarda don ya aika, ya same mu a ofishin jam'iyya bayan la'asar.