Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Raken Ya Yi Tsawo Amma Babu Zaƙi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin rake a ƙasar Maƙarfi, Jihar Kaduna. Ya ce bara ya zuba wa rakensa yuriya har sau uku, ya yi kore shar, ya yi tsawo, amma da 'yan kasuwa suka zo suka ɗanɗana sai suka ce salam yake, suka karya masa farashin dami. Yana tambaya, ko iri ne ya gaji?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kafin ka ɗora wa iri laifi, ɗauko buhun takinka ka duba. Abinci uku ne manya da shuka ke nema, su ne ake rubutawa N, P da K a jikin buhu. Yuriya N ce zalla, aikinta ganye da tsawo. K ɗin nan ita ce fotash, kuma a cikin ukun ita rake ya fi zuƙa daga ƙasa. A ganye ake haɗa sukari, fotash ce ke taimakawa a sauko da shi cikin kara ya taru. Ita ce kuma ke sa kara ya yi ƙwari kada iska ta kwantar da shi, ta sa ya jure ƙishirwa idan ban ruwa ya yi jinkiri. Ka ga ke nan ka ciyar da ganye, ka bar kara da yunwa. Yuriyar ƙarshe da ka zuba, in rake ya riga ya girma, ita ma tana jinkirta nuna, tana rage zaƙi.

Yadda za ka gane ƙarancinta, dubi tsofaffin ganye na ƙasa, ba na sama ba. Gefensu da bakinsu za su yi rawaya, daga baya su bushe kamar wuta ta lasa. Jijiyar tsakiyar ganyen ta kan yi ja ta sama, karan kuma ya sirance. An fi ganin haka a ƙasa mai yashi, da gonar da aka shekara da shekaru ana sare rake ana fitarwa, musamman in gyauro ake bari.

Yanzu ga lissafi, don na san kuɗi ne abin ji. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da fotash kilo 7 da rabi. Na 20-10-10 kilo 5 kacal. Akwai kuma takin fotash zalla da ake rubuta wa MOP, yawanci ja-ja ne kamar garin bulo, buhunsa ɗaya yana da kilo 30. Wato buhu ɗaya ya tsaya wa kamfa huɗu ta fuskar fotash. Sai dai ba kowace kasuwa ake samunsa ba, domin daga waje ake kawo shi. Kanada da Rasha da Belarus su ne manyan masu haƙo shi, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sai da Nijeriya ta juya ta sayo daga Kanada.

Lokacin zubawa shi ne wajen dasawa, ko cikin wata uku na farko, a gefen layi a rufe da ƙasa mai danshi, kada ya taɓa idon irin. Mai ƙasar yashi ya raba biyu, don ruwa na wanke shi. Gyauro kuwa a ba shi da zarar an gama sara. Yawan buhun da gonarka ke buƙata ya danganta da ƙasarta, ka nemi malamin gona na yankinku ya duba. Kada a ce tunda yana da amfani a tula, domin in fotash ta yi yawa a ruwan rake, sukari ya kan yi wuyar ɗaurewa, masu mazarƙwaila su lura.

Wanda bai da halin saye, toka na da fotash. Tokar murhu, da ta tuƙar raken da ake ƙonawa wajen dafa mazarƙwaila, a kwashe a mayar gona maimakon a bar ta a juji ruwa ya tafi da amfaninta. Busasshen ganyen rake ma a shimfiɗa shi tsakanin layuka ya ruɓe a nan.

Sai jan kunne ɗaya. Na san 'yan boko na kiran kanwa da sunan fotash a Turance, to kada wannan ya ruɗe ku. Kanwar miya dangin gishiri ce, ba wannan sinadari ne ya yi yawa a cikinta ba. Duk wanda ya barbaɗa ta a fadama, ƙasar ce za ta daskare ta ƙi shan ruwa, gyaranta kuma sai an sha wuya.