Amanar Ƙasa a Watan Azumi

Ya ku jama'ar Gangara: aya ta 31 cikin Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana almubazzaranci. Masana sun tabbatar cewa hayaƙin fetur da yawan kiwo domin nama suna ƙara zafin duniya, har damina ta rikice. Dattawanmu ba su manta da yunwar 1984 ba. Saboda haka wake da zogale sun isa buɗa-baki, nama kuwa sai jefi-jefi. Mai lafiya ya ajiye babur, ya taka zuwa tarawihi, domin kowane taku lada ne. Ku bar gawo ya tofo a gonakinku kamar manoman Dan Saga. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.