Rumfar da ke Cikin Waya: Jawabin Ɓangaren 'Yan Kasuwa a Taron Zagayowar Shekara

Uwar ƙungiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyaye, yayye da ƙanne, da mazajenmu da sunka ba mu izinin fitowa, barkanmu da ganin wannan rana. 'Yan uwa da kunka taso daga Bakura, Maradun da Morai, sannunku da hanya.

An ce mu yi magana kan waya da neman na kai. Mu da aka ɗora wa maganar 'yan kasuwa ne, da yawanmu sai da muka aurar da ɗiya kana muka koyi rubuta sunanmu. Abin da idonmu ya gani shi za mu faɗa.

Kasuwar Mafara ranar Talata take ci, sau ɗaya a mako. Amma kowace mai WhatsApp ko Facebook a cikinmu tana da wata rumfa wadda ba ta tashi, ko dare ko rana. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu share ta ba. Ki duba wayar 'yar uwarki: suna "Sai Haƙuri", hoto kuma fulawa ko jaririn maƙwabta. To mai son shinkafa a Gusau ko Sakkwato, wadda aka tura wa lambarki, ta yaya za ta san ta zo wurin da ya dace? Ba za ta tura kuɗinta ga fulawa ba.

Abu uku muka gyara, muka ga canji. Suna: sunanki da sana'arki da garinki, yadda ake kiranki a kasuwa. Hoto: kayanki, shinkafar Bakolori a kan faifai mai tsabta, ko ƙuli-ƙuli, ko man gyaɗa a kwalba, a ɗauka da hantsi lokacin da haske ke da kyau. Ba dole sai fuskarki ba, kuma wannan ya kwantar da hankalin masu gidajenmu da dama. Na uku farashi. Ki faɗi kuɗin tiya a fili cikin sitatus. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka kamar shimfiɗa kaya ne, kullum sai an sake. Akwai kuma WhatsApp Business, kyauta ake sauke shi, yana da wurin jera kaya kowanne da kuɗinsa. Wadda rubutu bai zauna mata ba ta yi saƙon murya, ba abin kunya ba ne.

Sai dai murya ba ta karanta alat. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya kowa ya koma tiransifa, nan muka san darajar ajinmu. Wata a cikinmu an nuna mata hoton alat a waya, ta ɗora buhu a mota, kuɗi har yau ba su shigo ba. Yanzu sai mun buɗe asusunmu da kanmu mun ga lamba ta ƙaru kafin kaya su bar hannunmu. Malamai, Allah ya saka muku.

Sai maganar ɗiyanmu, wadda ta fi ci mana rai. Mun sayar da daddawa da gyaɗa mun biya musu makaranta, wasu sun gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau nan Mafara, wasu kwalejin aikin gona ta Bakura, takardu na cikin akwati. Yara, ku saurara. Mai makaranta ko mai asibiti da zai ɗauke ku aiki yana iya buga sunanku a Facebook kafin ya kira ku. Me zai tarar? In zagin 'yan wata jam'iyya ne da habaici ga kishiyar uwa, kun yi wa kanku. Ku sa sunan da ke kan takardunku, abin da kunka karanta, da abin da hannunku ya iya. Mai ɗinki ta nuna ɗinkinta, mai kwamfuta ya nuna aikinsa. Masu neman aikin ofis akwai LinkedIn, can ma'aikatu ke duba mutane. Ku kuma gaishe da malamanku da abokan karatunku a guruf, don sau da yawa ta bakinsu ake jin an buɗe gurbi. Duk wanda ya ce ku turo kuɗin fom ta asusun wani mutum kafin a ba ku aiki, ɗan damfara ne. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, ko wa ya tambaya, ko da sunan ƙungiyar nan ya zo, kada ku ba shi.

Iyaye, mun san inda muke zaune, ba sai an yi dogon bayani ba. Rumfar waya kowa na leƙa ta, har wanda ba ya nufinmu da alheri. A nuna kaya, kada a nuna kuɗi. Kada a nuna ƙofar gida, ko shanu, ko ranar da za a kwashi adashe. In za ki Gusau saro kaya, ki bari sai kin dawo ki ba da labari. A kan wannan ba mu yarda da masu cewa komai a saka don jawo ciniki ba.

Kuma kada a jefar da littafi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an hana kasuwannin mako ci. Waɗanda duk cinikinsu ke cikin waya sun rasa wa ke binsu, wa suke bi. Waɗanda sunka rubuta sunayen abokan ciniki da bashi a littafi, su ne sunka fara miƙewa da layi ya dawo.

Bayan an ci abinci, 'yan matanmu za su zauna a bakin rumfa ta hagu. Duk mai son a gyara mata suna da hoto, a sa mata lambar sirri ta biyu a WhatsApp, ta kawo wayarta. Amma lambar ke za ki danna da hannunki, su za su kau da kai. Wadda ba ta shiga aji ba, malama na nan da rajista.