Yadda Italiya Ta Fid Da Mu Da Mutum Goma: Nazari Kan Wasan 1994



Abin da za mu yi magana a kai yau shi ne karon da aka yi tsakanin Nijeriya da Italiya ran 5 ga watan Yuli, 1994, a filin Foxboro kusa da birnin Bostan na Amurka, a zagaye na biyu na gasar cin kofin duniya. Galibinmu ba a haife mu ba a lokacin, amma hoton wasan yana nan, mun kuwa zauna mun kalle shi tun daga farko har ƙarshe. Duk dattijon da ka tambaya zai ce maka ko dai rashin sa'a ne, ko kuwa rashin ƙwarewa, tun da wannan ne zuwanmu na fari. Mu ba mu gamsu da wannan ba. A ganinmu akwai dalili a cikin tsarin wasan kansa, wanda mai ido zai iya nunawa da yatsa.

Da farko sai mu tuna yadda kowa ya iso wurin. Nijeriya ta zo da kofin Afirka a hannu, wanda ta ɗauka a Tunisiya cikin watan Afrilu bayan ta ci Zambiya 2 da 1. A rukuninta ta lallasa Bulgeriya 3 da nema, ta sha kashi a hannun Ajantina 2 da 1, ta ci Girka 2 da nema, ta fito ta ɗaya. Italiya kuwa da ƙyar ta tsallake a matsayin ta uku. Ga shi babban ɗan bayanta Franco Baresi yana jinyar gwiwa, mai tsaron gidanta Pagliuca kuma an dakatad da shi. Dole ta sa kocinsu Arrigo Sacchi ya ɗauke Paolo Maldini daga gefen hagu ya mai da shi tsakiyar baya tare da Costacurta, ya bar Mussi a dama, Benarrivo a hagu. A riƙe sunayen mutanen nan biyu na ƙarshe, domin a kansu maganarmu za ta tsaya.

Ƙarfin ƙungiyar Clemens Westerhof ba ɓoyayye ba ne. Finidi George yana gefen dama, Emmanuel Amunike yana hagu, Rashidi Yekini yana gaba, Daniel Amokachi kuma, ɗan Kaduna da ya taso a Ranchers Bees, yana kai da kawowa a bayansa. Da zarar Oliseh ko Okocha ya ƙwace ƙwallo, sai a wurga ta ga ɗayan huɗun nan, su kuwa gudu gare su kamar barewa. To, a nan ne akwai abin da yawancin 'yan kallo ba su lura da shi. Ɗan gefe mai gudu yana tsaron gida ko da bai taɓa komowa baya ba. Muddin Amunike yana tsaye a bakin layi, Mussi ba ya da ikon barin wurinsa ya hau gaba, don ya san in ya tafi aka yi kuskure, kafin ya juyo an riga an kai ga raga. Watau tsoron Amunike kawai ya isa ya ɗaure mutum guda na Italiya.

A minti na 25 Finidi ya buga kwana, ƙwallo ta bugi Maldini ta faɗo gaban Amunike, ya saka ta. Minti goma bayan haka Amokachi ya ji ciwo ya fita, Mutiu Adepoju ya shigo. A minti na 57 Amunike shi ma ya fita da rauni, Thompson Oliha ya maye gurbinsa. Dukansu biyu 'yan tsakiya ne nagari, ba mu raina su ba, amma ba wanda yake da irin gudun da ke hana ɗan baya sakewa. Kada kuma a manta da dokar wancan zamani: canji biyu kaɗai aka yarda, sai na uku in mai tsaron gida ne. Ashe tun kafin a cika awa guda Westerhof ya ƙare harsashinsa, alhali wasan da tsakar rana aka yi shi, cikin zafi. Ko ya ga ɓaraka, sai dai ya yi ihu daga bakin fili.

Daga nan sai wasa ya sake kama. Yekini ya zama shi kaɗai tsakanin Maldini da Costacurta, in an aika masa da ƙwallo ba mai taya shi, nan da nan ta komo. Sauran 'yan wasanmu suka riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Da alƙalin wasa ya ba Gianfranco Zola jan kati a minti na 75, mintuna goma sha biyu kacal da shigowarsa, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. (Abin tausayi, ranar ce ya cika shekara 28 da haihuwa, bai kuwa sake buga wasan kofin duniya ba.) Amma yawan mutane ba ya da amfani sai an baza su. Ƙungiyar da ta fi yawa kamata ya yi ta buɗe fili, ta riƙa kai ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan har abokan karawa su gaji da binta. Mu kuwa 'yan tsakiya muka tara wuri guda, muna 'yan gajerun bugu da wasa da ƙwallo don cin lokaci, ba mu nemi ci na biyu da gaske ba. Italiya ba baƙuwar wannan hali ba ce: a rukuni an kori Pagliuca tun a rabin farko, suka ci Norwe 1 da nema da mutum goma.

Yanzu a duba yadda aka ci mu. A minti na 88, wa ya kutsa cikin da'irarmu ta gefen dama ya mayar wa Roberto Baggio da ƙwallo ya buga ta ƙasa-ƙasa? Mussi ne, ɗan bayan nan da Amunike ya tsare kusan awa guda. A ƙarin lokaci, minti na 102, Baggio ya ɗaga ƙwallo ta kan 'yan bayanmu, wa ya ruga ya tarye ta har Eguavoen ya ture shi aka ba da fenariti? Benarrivo ne, ɗan baya na hagu, wanda da Finidi yana da sauran ƙarfi ba zai kuskura ya zo nan ba. Ƙungiya mai mutum goma ta tura 'yan bayanta biyu har cikin gidanmu, ba ta ji tsoron kome ba. Sunan Baggio aka rubuta, gwaninta kuma tasa ce ba musu, amma ƙofar ta gefe aka buɗe ta.

Za a ce mana ai Maldini ya janyo Yekini ƙasa yana shirin fuskantar mai tsaron gida, aka ba shi katin gargaɗi kawai. Haka ne, mu ma muna ganin jan kati ya cancanta. Sai dai wanda ya kasa cin moriyar mutum ɗaya da ya fi abokin karawarsa, ba mu da tabbacin zai ci moriyar biyu. Za a kuma ce rauni ba laifin koci ba ne. Wannan ma gaskiya ne game da fitar Amokachi da Amunike, amma zaɓen wanda zai shigo a hannunsa yake, ga kuwa 'yan gaba irin su Victor Ikpeba da Efan Ekoku zaune a benci. Ikpeban nan ne, shekara biyu bayan haka a wasannin Olamfik na 1996, Jo Bonfrere ya sako shi a kan Brazil, ya ci ƙwallon da ta mai da wasa 3 da 2 kafin Kanu ya ci biyunsa.