Yarinyar da Ta Iya Ba da Canji Amma Ta Faɗi Lissafi

Lacca ga malaman firamare da iyayen yara a Kujama, Ƙaramar Hukumar Chikun



Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kaduna zuwa Kachia, nan Kujama, zai ga irin yarinyar da wannan lacca za ta fara da ita. Shekarunta ba su wuce tara ba, tire a ka, ƙullin gyaɗa naira 150. Direba ya miƙo hannu ta taga ya ɗauki ƙulli uku, ya ba ta dubu ɗaya. Kafin kwandasta ya buga mota ta miƙa masa 550. Ba ta rubuta komai ba. Wanda ya matsa kusa zai ji tana motsa baki: uku, ɗari huɗu da hamsin, a sa hamsin, ɗari biyar, a sa ɗari biyar, dubu.

Washegari a aji uku malama ta rubuta 1000 a allo, ta sa 450 a ƙasa, ta ja layi, ta ce a ɗebe. Yarinyar ta rubuta 1450. Ta bi lambobin ne ɗaya bayan ɗaya tana cire ƙarami daga babba, don a tunaninta dokar ke nan. Ko a jikinta cewa an ɗebe amma abu ya ƙaru. A tasha, da wani ya ce mata canjin dubu ya fi dubu, da dariya za ta yi masa. Malama ta zana jan biro, a gida kuma aka yanke hukunci: wannan ba ta da kan boko.

Masu bincike sun daɗe da sanin wannan yarinya. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka buga sakamakon wani nazari da suka yi a birnin Recife na Brazil. Sun je wajen yara masu sayar da kwakwa da lemo a titi a matsayin masu saye, suna jefa musu lissafi cikin ciniki. Yaran suka samu kusan kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka ba su lissafin nan guda a takarda, lambobi zalla, sai suka faɗo zuwa kusan kashi 37. Yara biyar ne kacal a nazarin, shi ya sa wasu suka ɗauke shi da wasa. To a 2025 Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka fitar da wani a mujallar Nature, kan yara fiye da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya, abin ya sake fitowa haka. Suka kuma gano ɗaya gefen: yaran makaranta da suka iya lissafin takarda, da aka sa su gaban ciniki irin na kasuwa, sai suka daburce. Ashe kowane ɓangare na riƙe da rabin abu ne, kuma makaranta ba ta haɗa musu ba.

Dalilin yana cikin yadda hankalin yaro ke girma. Jean Piaget, masanin Switzerland da ya rasu a 1980, ya lura cewa daga wajen shekara bakwai zuwa sha ɗaya yaro kan fara tunani bisa ƙa'ida, amma ƙa'idar tana rataye ne a kan abin da zai gani ya taɓa. Gwajinsa mafi shahara kowace uwa a ɗakin nan za ta iya yi yau da dare. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda sun yi daidai. A gabansa a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya. Ɗan shekara biyar zai rantse na kwalba ya fi yawa, don ya fi tsawo. Ɗan shekara takwas zai ce ai ruwan ɗazu ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Tsakanin waɗannan amsoshi biyu aka samu abin da lissafi kaf ya dogara a kai, wato sanin cewa adadi ba ya canjawa don kamanninsa sun canja.

An taɓa zaton yaran Afirka suna makara wajen kai wa wannan mataki. Sai Douglass Price-Williams ya je ƙasar Tibi a Binuwai, ya ajiye kayan gwajin Turai, ya yi amfani da ƙasa da 'ya'yan itace da yaran suka saba da su. Sakamakon da ya buga a 1961 ya nuna yaran Tibi da ba su taɓa shiga aji ba suna kai wa matakin kusan lokaci ɗaya da na Turai. Patricia Greenfield ta ga abu mai kama da haka a cikin Wolof na Senegal. Wasu yaran ƙauye kan ce ruwa ya ƙaru saboda baƙuwa ce ta juye shi, wa ya san abin da ta yi masa? Da aka bar yaro ya juye da hannunsa, sai da yawansu suka ba da amsa daidai. Gwajin ne bai san yaran ba.

Abu na biyu shi ne yawan abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda tana aiki da shi. George Miller ya ce wajen guda bakwai ne a 1956. Nelson Cowan ya sake duba hujjojin a 2001 ya ce bai wuce huɗu ba, kuma wannan ga babba ne, na yaro bai kai haka ba. Tamkar tafin hannu ne, in ya cika, duk abin da aka ɗora sai wani ya faɗi. A dubi ɗan aji biyu da aka ba shi jimla da Turanci. Yana kokawa da sautin haruffa, yana kokawa da ma'anar kalma, yana kokawa da abin da ake so ya yi, idonsa kuma na kan bulalar da ke kan tebur. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Dabarar da ta rage masa ita ce hadda. Malama ta tambaya da Turanci ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya da ƙarfi, wanda ke wucewa ta bayan taga ya ce kai, makarantar nan ana karatu.

Nan maganar harshe ta shigo, kuma a Chikun ba ƙaramar magana ba ce. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin tun daga 1970 a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara duk darussa da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya, ta bakin minista Adamu Adamu, ta ce harshen uwa zai rufe firamare gaba ɗaya. A watan Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Shekara uku, manufa ta je ta dawo, yawancin azuzuwa ba su ga littafi ko ɗaya na sabon tsarin ba balle a ce an gwada shi ya gaza.

Sai dai mai wannan lacca ba zai yi kamar lamarin mai sauƙi ne ba. A aji ɗaya a Kujama akwai ɗan Gbagyi, akwai ɗan Adara, akwai Bafulatani da Bahaushe, ga 'ya'yan ma'aikatan da suka taso daga Zonkwa da Kwoi da Kagoro da Kafanchan, masu jin Jju da Hyam da Tyap a gida. Harshen uwar wa za a ɗauka? Wasu iyaye kuma suna da dalilinsu na ɗar-ɗar da Hausa, ganin yadda take cinye ƙananan harsuna a bakin 'ya'yansu, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da wannan damuwa. Amma a fita filin wasa lokacin tara a saurara. Da wane harshe yaran nan ke faɗa, suke sulhu, suke rabon ƙwallo? Da harshen Hausa ne. Da shi ake ciniki a kasuwa, da shi ake wa'azi a masallaci, da shi majami'u da yawa na kudancin Kaduna ke sujada tun bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Malamin da ya bayyana ɗebewa da Hausa, ya bar ɗan Gbagyi ya sake faɗa wa ɗan'uwansa da Gbagyi, sannan ya ba su kalmar Turanci, bai saɓa wa hankali ba, ko da takardar Abuja ta ce wani abu daban.

Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba. Rubutun Hausa na boko, duk da bai nuna karin sauti da tsawon wasali, harafi ɗaya sauti ɗaya ne kusan ko'ina. Yaron da ya san b da a ya karanta ba, ya ƙara k da i ya karanta baki. Turanci ba haka yake ba. Philip Seymour da abokansa sun kwatanta yaran ƙasashen Turai a 2003, suka ga yaran Finland da Italiya da Girka sun iya karanta kalmomi kafin ƙarshen shekarar farko, yaran da ke koyo da Turanci kuwa, harshen uwarsu fa, sun ɗauki fiye da ninki biyu na wannan lokaci. In haka ɗan Birtaniya ke fama, ina ga ɗan Kakau? Shi ya sa shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, suka fara da Hausa. Yaron da ya gane cewa haruffa sauti suke ɗauke da shi, ya gane ke nan har abada, zai tafi da wannan sani cikin Turanci.

Duk wannan yana hannun malami. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, wato maki 75 cikin ɗari, aka sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, kuma mutane da yawa a ɗakin nan sun san gidajen da abin ya taɓa. Ba za a sake wannan shari'a a nan ba. Abin lura shi ne, jarrabawar ta auna ko malami ya san amsa. Ba ta auna ko ya san dalilin da yaro ya rubuta 1450 ba. Malamin da ya ga wannan lamba ya gane irin dokar da yarinyar ta ƙirƙira wa kanta, ya ɗauko takardun kuɗi na wasa ko ƙullin tsinke goma-goma ya ce ta ba shi canji, sannan ya nuna mata inda hamsin ɗinta ta shiga a allo, wannan shi ne ƙwararre. Irin wannan sani ne ya kamata Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su riƙa aunawa kafin su miƙa takardar shaida.

Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya ce koyo na faruwa ne a tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an ɗan kama masa. Manhaja ba ta san wannan tazara ba, ita dai aji biyar aikin aji biyar. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanya mai arha: a gwada kowane yaro na 'yan mintoci, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko jimla, ko labari, sannan a raba yara bisa wannan na awa ɗaya ko biyu a rana, ba bisa aji ba. An gwada haka a Borno, an gwada a Wudil da Dawakin Tofa a Kano daga 2019. Ba ya bukatar kwamfuta ko sabon gini. Hedimasta ne kawai zai yarda ɗan aji biyar ya zauna da ɗan aji uku ba tare da an mai da shi abin dariya ba.

Ba a yin maganar ƙwaƙwalwar yaro a Chikun a tsallake tsoro. Ranar 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist, nan kusa da mu a Damishi. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe na Kuriga, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Likitocin yara irin su Jack Shonkoff na Jami'ar Harvard sun nuna cewa fargaba mai tsanani da ta daɗe, in babu babban da yaro zai jingina da shi, tana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da natsuwa da tuna abu. Yaron da ya zabura don babur ya wuce, ko wanda ya taso daga ƙauyen da aka tarwatsa ya rasa zango biyu, in ya kasa haddace jadawali ba taurin kai ba ne. Bulala a kansa ƙarin abin da ya hana shi koyo ne tun farko. Haka yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma arewa maso yamma ta fi ko'ina. Lokacin da Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairu 2016, malamai sun ga yadda azuzuwa suka cika, sun kuma ga yadda wasu yara ke sulalewa da zarar an sauke kula.

Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi a shekara goma. Babu wanda ke ɗakin nan da zai gyara manufar harshe ko ya tsare dajin Kuriga. Amma kowace makaranta a nan tana da kwamitin iyaye da malamai. Roƙon wannan lacca gare su shi ne, kafin zangon nan ya ƙare, a zaunar da kowane ɗan aji uku zuwa shida shi kaɗai, a ba shi layi huɗu na Hausa ya karanta, a tambaye shi abin da ya karanta, a ba shi lissafin ɗebewa ɗaya a baki ɗaya a takarda. A rubuta sakamakon, a karanta wa iyaye a taro da harshen da suke ji, sannan a ware awar farko ta kowace safiya ga waɗanda suka tsaya a harafi.