Rana Ba Ta Karɓar Haraji: Lacca ga Manoma da 'Yan Kasuwar Kadawa

Wannan ita ce laccar da aka karanta a gaban 'yan jam'iyyarmu da 'yan kasuwa na Kura da Bunkure da Garun Malam. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa manoma, 'yan kasuwa maza da mata, muna yi muku godiya da kuka bar gonakinku da rumfunanku kuka zo. Maganar da ta tara mu yau ita ce maganar wuta da mai. Kwanakin nan da wuya ka buɗe rediyo ba ka ji manya suna zancen mota mai aiki da lantarki ba, da kuma abin da su ke kira makamashi mai tsabta, watau ƙarfin da a ke samu daga rana da ruwa da iska ba tare da an ƙona mai an yi hayaƙi ba. Da yawa cikinmu sun ɗauka wannan zancen 'yan boko ne da masu kuɗi. To, mun zo mu gaya muku babu wanda zancen nan ya shafa kamar mai noman rani a Kadawa, kuma in muka yi shiru za a raba abin ba da mu ba, kamar yadda aka saba.

Mu fara da abin da kowa ya sani. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga can ruwan ke gangarowa cikin kanal da nauyin kansa har ya iso gonakinmu, babu injin da ke tura shi. Ashe kuwa tun shekara hamsin da suka wuce mu ke cin moriyar makamashi mai tsabta, sunan ne kawai ba mu sani ba. Da wannan ruwa mu ke noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa, har kayanmu su kai Ikko.

Amma kun san ba kowa kanal ke kai wa ba. Wanda gonarsa ke can ƙarshen layi, ko wanda kachalla da yashi suka toshe wa hanyar ruwa, ko wanda ke wajen shirin ɗungum, ba shi da dabara sai injin ban ruwa mai shan fetur. Ran 29 ga Mayu 1999 ba ita mu ke nufi ba, ran 29 ga Mayu 2023 mu ke nufi, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Kafin ranar nan lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a watan Oktoba 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Manomi ba shi da ikon cewa tumatir ya dakata da jin ƙishirwa sai mai ya sauko. Iyayenmu sun sha ɗauri da bulala kafin a soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Yau ga wani harajin ya dawo cikin galan, ana biyansa kowane mako, ba dagaci ba rasit.

Maganin wannan haraji yana bisa kanmu. Injin ban ruwa na sola abu ne mai sauƙin ganewa. Farantan suna karɓar hasken rana su mai da shi lantarki, lantarkin ya juya ɗan injin da aka zura cikin rijiya ko aka ajiye bakin ruwa. Ba ya bukatar batir, domin da rana a ke ban ruwa, kuma lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, watau rani, shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba hayaƙi. Aikinsa shi ne a riƙa share ƙura daga kan farantan, musamman da hunturu, a kuma tsare su daga ɓarayi. Faranti mai kyau yakan yi shekara ashirin zuwa ashirin da biyar yana aiki, kuma tsakanin 2010 da 2020 kuɗinsa ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari a kasuwar duniya.

To, me ya hana talaka saye? Kuɗin farko. Fetur ana sayensa lita-lita, sola kuwa sai an biya gaba ɗaya, kuma wanda ya ci bashin taki ba shi da wannan dunƙulen kuɗi. Wannan ba larura ce da ta gagari gwamnatoci ba. A 2019 ƙasar Indiya ta kafa shiri na injinan ban ruwa na sola, inda gwamnatin tsakiya ke biyan kashi 30 cikin ɗari, ta jiha ta biya kashi 30, manomi ya kawo sauran, kuma mafi yawan nasa kason banki ke ranta masa.

Kada a ce mana gwamnatocinmu ba su san sola ba. A 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7 da ɗoriya a Jami'ar Bayero. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Ita kanta Tiga ta yi wajen shekara arba'in ruwa na fita daga cikinta ba a samar da wutar ko ƙwai ɗaya ba, sa'an nan da gwamnatin jiha ta gina tashar megawat 10 a jikinta, sai aka tsara wutar domin injinan ruwan famfo na Tamburawa da fitilun titi na birni. Ba mu yi wa mutanen birni hassada, 'yan'uwanmu ne, kuma suna bukatar ruwan sha. Tambayarmu ita ce, ina rabon ƙauyukan da aka tasa, da gonakin da ruwa ya ci, kafin a sami madatsar? A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, masu injin casar shinkafa a Kura suka koma kan gas. Dokar lantarki ta 2023 kuwa ta ba jihohi ikon samar da wutarsu su rarraba. Saboda haka ba sauran fakewa da Abuja.

'Yan kasuwa, ku ma maganarku ce. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa ya san yadda kwandon da aka yi wa farashi da safe ke zama abin zubarwa kafin jibi. Tun 2015 wani kamfani ya fara kafa ɗakunan sanyi masu aiki da sola a kasuwannin Owerri, mai kaya ya ajiye ya biya kuɗi kaɗan kowace rana. Mai ɗakin sanyi ba ya sayar da kayansa a wulaƙance don tsoron ruɓewa. Haka kuma ɓuntun shinkafar da ke tule a bayan injinan Kura, ana iya ƙona shi cikin tukunyar zamani a sami lantarki ko a turara shinkafa, mata su huta da tsadar itace.

Yanzu sai zancen motar lantarki. Ita ba ta da tankin mai, batir ne babba da a ke caji kamar na waya. An nuna ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya, Hyundai Kona, a Ikko a 2020. A 2021 hukumar motoci ta ƙasa, lokacin tana hannun Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Maiduguri wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas ya sa musu batir. Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, amma ku lura, ita ta gina madatsar da ke iya ba da wuta sama da megawat 5,000 a kan kogin Nilu. Wuta ta fara tanada. Mu ba mu ƙin motar lantarki, sai dai wadda za ta yi mana amfani ita ce adaidaita sahu da a-kori-kura mai ɗauko kwanduna daga gona zuwa bakin titi, a caje ta da rana a tasha. In aka fara da sayo wa kwamishinoni da 'yan majalisa da kuɗin jama'a alhali manomi na bin jarka, to an ɗaura wa doki sirdi a wutsiya.

Akwai kuma haɗarin da ya wajaba mu faɗa muku, za mu kawo shi da wani labari na ban mamaki. A Amurka akwai kamfanin ƙera jita, watau garayar Turawa, mai suna Fender. Tun 1995 ya ke ƙera sabuwar jita fil, sa'an nan ma'aikata su kankare fentinta, su ƙuje ta, su sa ƙarafanta su dushe, har ta yi kama da wadda aka yi shekara arba'in ana kaɗawa, kuma masu kuɗi su saye ta da tsada. Can ba a cuci kowa ba, domin mai saye ya san sabuwa ce aka yi wa shigar tsufa. Mu a nan akasin haka a ke yi mana. Tsoho a ke wankewa a manna masa takarda a ce sabo ne. Ƙasashen da suka ci gaba suna cire tsofaffin farantai da batira da motoci, kuma kun san inda gwanjon duniya ke ƙarewa. Rigar gwanjo ta Ƙofar Wambai ido na ganin inda ta yage. Batirin da ya gaji kuwa, ko farantin da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, ba a ganewa sai an kai gona ruwa ya ƙi fitowa, ga bashi a wuya.

Saboda haka kada ku yi cinikin biri a sama. Ku tafi da mai gyara wanda kuka amince da shi, ya gwada faranti da mita a tsakar rana. In da hali a haɗa injin a ga ruwan da ya ke turowa kafin a biya. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da tsawon lamuni. In abu tsoho ne a faɗa muku, a sayar da shi a kuɗin tsoho. Mataccen batir kuma kada a fasa shi a cikin gida, domin dalma ce a ciki. Kun tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Dalmar batir ita ce dai wannan guba.

Ga abin da jam'iyyarmu ke nema, kuma muna so kowa ya haddace shi. Na ɗaya, a ba da injinan ban ruwa na sola bashi ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a biya bayan girbi cikin shekaru, a kuma kafe sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a, kada a yi irin rabon taki da ke ƙarewa a gidajen 'yan siyasa. Na biyu, a keɓe wani kaso na wutar Tiga domin garuruwan da ke kewaye da ita da injinan shinkafa. Na uku, a gina ɗakunan sanyi na sola a Kwanar Gafan da sauran kasuwannin kayan gwari, shugabannin 'yan kasuwa su riƙe su. Na huɗu, a kafa wurin gwajin farantai da batira a kasuwa, a hukunta mai canja takarda. Na biyar, a koya wa samarinmu da 'yan matanmu haɗawa da gyara, don kada mu riƙa jiran mai gyara daga birni.

Kafin gwamnati ta motsa, mu ma da namu aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabtan gona huɗu ko biyar suna iya yin adashi su sayi inji ɗaya, su raba kwanakin ban ruwa, kowa ya riƙa zuba rabin abin da da ya ke kashewa a kan fetur har a sayi na biyu. Kowane reshe ya rubuta yawan masu injin fetur a mazaɓarsa da litar da su ke sha a mako, a kawo wa sakatare, domin mu je gaban hukuma da lissafi a hannu. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a kuma, ku karanta masa abubuwan nan biyar, ku ce ya amsa a gaban jama'a kafin ya buɗe jakarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya kawo wa talaka sawaba.